Fitila Mai Ido a Ƙofar Baba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da kyamararka da abin nan da kake kira sana'a. Na rubuto a takarda ne don na gaji da kiran wayarka tana ce mini kana kan wani layin. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan waya yana buga wa wasiƙun mutane hatimi, ya kuma koya mana rubuta su tun muna ƙanana. To ga amfanin karatun, wannan ba za ka ce ba ta shigo ba.

Direban da ya miƙa maka ita zai ba ka kwali. Fitila ce a ciki, irin mai ido, wadda ke kunna kanta idan ta ga motsi. Tun ranar da ɓarawo ya haura ya kwance injin jan ruwa a tsakar gidan Baba, shi yana ciki yana barci, kai kana gari ɗaya da shi kana ɗaukar amare hoto, ban sake barcin kirki ba.

Ka kafa ta a saman ƙofar falo, ta fuskanci get. Ka kashe wutar gidan daga mita kafin ka taɓa waya. Ba tausayinka nake ji ba, lokacin jinyarka ne ba ni da shi. Takardar bayani na ciki, har da hotuna saboda waɗanda karatu ke ba wuya.

Na gaya wa Baba, yanzu kai nake gaya wa: idan fitilar nan ba ta yi aikin da hankalina zai kwanta ba, zan zo in ɗauke shi ya dawo wurina, a rufe gidan. Na san zai ce ba ya barin ɗakin da Mama ta rasu a ciki. Ya yi ta faɗa. Ma'aikatan jinyar asibiti guda nake juyawa, tsoho ɗaya ba zai gagare ni ba.

Ka gaida matarka, in har yanzu tana haƙuri da kai.

Yayarka.

*

Ranki ya daɗe shugabar masu allura,

Gaisuwa da ban girma, da fatan marasa lafiyarki na samun sauƙi duk da ganin fuskarki kullum. Kwali ya iso, umarni ya iso, zagi ma ya iso lafiya bai fashe a hanya ba.

An kafa fitila. Na ari tsani wurin Tela maƙwabcin Baba, na huda bango sama da ƙofar falo, na jawo wuta daga mazaunin tsohon ƙwan nan da ya mutu tun Mama na da rai, ja da ja, baƙi da baƙi, na naɗe da salatif. Takardar bayaninki kuwa ta yi amfani ƙwarai, a kanta na zuba kusoshi. Wanda da haske yake cin abinci ba a koya masa inda fitila za ta kalla.

A ƙarƙashin idon akwai 'yan maɓallai uku da ake murɗawa. Ɗaya na daɗewar da za ta yi a kunne, ɗaya na yawan duhun da za ta jira kafin ta fara aiki, na ukun na nisan ganinta. Duk na murɗe su har ƙarshe, tunda mai kayan ba ta son abu kaɗan. Yanzu ko kyanwa ce ta yi miƙa a bakin get sai ta haske ta kamar amarya.

Baba ban same shi ba, yana barcin rana, ga masu hoton fasfo na jirana a shago. Na leƙa ta taga, yana numfashi, kada ki tambaya. Ga hoton fitilar nan na sa miki a ambulan, ki manna a ofis.

Zancen ɗauke shi kuma ki ajiye. Baba ba buhu ba ne. Ki kai shi can saman benenki ya wuni da talabijin har ki dawo ki auna masa jini? Yana gidansa, ina gari, ga fitila, me kuma ya rage?

Matata na amsawa. Ta ce a gaida mijinki, Allah Ya ƙara masa juriya.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Fitila na ce ka kafa, ko gidan rawa na ce ka buɗe?

Matar Tela ta kira ni ina tsakiyar aiki. Ta ce daga faɗuwar rana abin nan yake farawa, ta kunnu, ta mutu, ta kunnu, ta mutu, kuma tagar ɗakinsu hasken yake duka kai tsaye. Jaririnsu ya daina barci, Tela ya tashi da jan ido har ya yanke wa wani hannun riga gajere. Mutanen da ke leƙa mana Baba kyauta su ka ga damar kora. Mai cin abinci da haske! Dama shi ya sa duk hoton da ka ɗauke ni nake fitowa kamar an tone ni.

Wani abin ya fi wannan damuna. Ta ce tana jin Baba a tsakar gida da yamma yana dariya, wani lokacin har da magana, kuma ba muryar kowa sai tasa. Na san farkon wannan, ina ganinsa a asibiti kullum. Na kira shi na tambayi maganinsa, ya ce yana sha. Ya fara ce mini, "Kin san fitilar nan taku," sai aka kira ni ɗakin haihuwa na kashe. Ƙorafi ne dai na sani, me zai ce?

Ka koma ka gyara. Fitilar da ke kunnuwa kowane lokaci ba wanda zai kula ranar da ta kunnu don ɓarawo. Ko wannan ma sai na zana maka?

Ka huta lafiya, tunda hutun ka fi iyawa.

Yayarka.

*

Yaya mai gayya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Na karanta wasiƙarki a tsaye don girmamawa.

Na je, na kuma gano masu laifi, ba sai an tara taron likitoci ba. Na farko reshen mangwaron nan ne da ke lilo gaban idon, na sare shi. Na biyu kyanwar Tela, wadda matarsa ta manta ta ambata miki. Na uku motocin da ke wucewa ta titi. Sai na sunkuyar da kan fitilar ƙasa yadda ba za ta hango waje ba, na liƙe gefen idon da ke kallon gidan Tela da baƙin salatif, na rage daɗewarta a kunne, na mai da nisan ganinta rabi. Akwai inda ake murɗawa ta yi aiki da rana don gwaji. Na murɗa, na ratsa tsakar gida daga get zuwa famfo, ta kunnu. Na dawo, ta kunnu. Ki nemo injiniyan da zai fi haka.

Na tarar da kujerar Baba a tsakiyar fili, daidai inda zan wuce da tsani, da jarida da tabarau a kai. Ban san abin da ya fito da ita nan ba, ga baranda. Na mayar masa da ita inuwa. Shi kam yana barci, ban tashe shi ba.

Batun dariya kuma, mutum bai isa ya yi dariya a gidansa ba sai kin buɗe masa fayil? Ke da rabonki da dariya tun kina firamare, dole ki ɗauke ta ciwo. Ɗan surutun tsufa ne, kowa da nasa. Naki ma ya fara, a takarda kike yi.

Naki har kullum,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Ka sare mangwaron da Mama ta shuka, ka liƙe wa fitila ido kamar ɗan fashin teku mai ido ɗaya, kuma abin yana nan. Matar Tela ta ce hasken ya bar tagarsu, amma yanzu ƙyaftawar ta fi ta da yawa, ta katanga suke ganinta kamar walƙiya. Ka rage mata gani, na ce ka rage! Mutum nake so ta gani, ƙato mai hauro katanga. Kowane tarkace da ya motsa a gidan ba ruwanta da shi.

Baba ya kira ni jiya ina taro, ban samu na ɗauka ba. In ka je ka ji abin da yake so.

Na sa an share ɗakin baƙi, an sa sabuwar katifa. Wannan ce damarka ta ƙarshe, kuma don Baba na ba ka ita.

Yayarka.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki naɗe katifarki.

Na murɗe maɓallin ganin nan har ƙasa, ya kai inda ba ya ƙara motsi. Na gwada. In na yi tafiyar sanɗa ba ta kula ni, in na ratsa da sauri irin na marar gaskiya, nan take take kamawa. Abin da kika nema ke nan, ɓarawo ai ba ya yanga a gidan mutane. Kwana biyun nan Tela ya ce ko sau ɗaya ba ta ƙyafta ba, jariri na barci, hannayen riguna sun daidaita.

Wannan karon na ga Baba. Ya fito da sandarsa ina kan tsani, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Auta, me ta yi maka ne?" Na ce gyara nake, Baba, Yaya ce ta ce. Ya buɗe baki zai ƙara, sai wayata ta yi ƙara, masu biki ne suna jirana. Na ce masa zan dawo mu yi hira. Lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba in kin tambaye ni.

Ina jiran godiya. In rubuta ta zai yi miki nauyi, aiko da farar takarda, zan gane.

Ƙaninki,
Auta.

*

Auta,

Ba gaisuwa. Na san Tela ya riga ya gaya maka, amma ina so ka gani a rubuce.

Bayan magariba ya ji ƙara ta katanga. Ya shiga ya tarar da Baba kwance a tsakar gida cikin duhu, goshi a fashe, wuyan hannun dama a karye, sandarsa can gefe. Fitilarka na bisa kansa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Sai da Tela ya shigo da gudu sannan ta ga dama ta kunnu.

Abu ɗaya aka ba ka a duniya, ƙwan fitila da kusoshi, ka mai da shi abin karya uba. Ƙarshen mako ina hanya da mota. Ka nemo kwalaye ka haɗa kayansa, in hannunka zai iya wannan ba tare da wani ya ji rauni ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa ya ce a rage? Wa ya ce tarkace? Wasiƙarki na nan a aljihuna da rubutun hannunki, ki zo in karanta miki. Daga nesa kowa gwani ne.

Na je asibiti. An ɗaure hannun, an ɗinke goshin. Na gaishe shi, ya amsa, ya juya fuska bango. Abin da ya nema kawai biro ne da takarda, ya ce wa ma'aikaciyar jinya zai gwada da hagu. Ban haɗa kaya ba. Ban san me ya fito da shi tsakiyar fili a duhu ba, kuma na kasa tambaya.

Auta.

*

Zuwa ga 'ya'yana biyu,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya da iyalanku. Ku yi haƙuri da rubutun, da hagu ne. Na yi guda biyu, kowa tasa, tunda ba kwa iya karanta abu ɗaya tare.

Ba mangwaro ba ne, ba kyanwa ba ce. Ni ne tarkacen.

Ranar da aka kafa ta na dawo daga sayen jarida da yamma, ina turo get ta haska ni. Tun rasuwar uwarku ba abin da ya san na shigo gidan nan. Na ce mata sannu, na yi dariya. Sai na fito da kujera. In ta mutu na ɗaga sanda, ta dawo, in ci gaba da karatu. Da aka rage mata gani, sanda ta daina isa, sai na tashi na taka. Da aka sake ragewa, takun ma ta daina gani. Na ga yadda Auta ke ratsawa da sauri ta kula shi, na ce bari in gwada. Shi ne na faɗi.

Kun yi ƙoƙari. Kun yi ta gyaran ta har ta koma irinku.

An sallame ni. Tela ya hau ya ɓare salatif ɗin, ya murɗe komai yadda yake ranar farko, ni kuma na ba shi labulen falo mai kauri ya rataya a tagarsa. Jiya tun daga get ta gan ni.

Ke babba, kada ki wahalar da mota, ba inda za ni. Kai Auta, tsanin na Tela ne, kada ka sake ara. Mai son zuwa ya zo da yamma, lokacin da nake farke. Za ta kunna masa, ita ba ta riƙo.

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinku.