Keken Isuhu Ya Ƙi Karɓar Caji Bayan Takabata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ke sayar da keke mai ƙafa uku mai batir a Maraɗi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Rabi, a Gazawa nake zaune. Mijina Isuhu ya sayi keke a wurinku, irin mai akwati a baya, yana kai wa mutane wake da gero kasuwar Gazawa da ta Cadawa. Da shi muke ci. Allah Ya yi masa rasuwa da damina, zazzaɓi ne, bai daɗe a kwance ba. Ya bar ni da 'ya'ya mata uku. Na je buronku, wato ofishinku, ba a bari na gan ka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ranar da aka kai shi makwancinsa, yayansa ya tura keken cikin zaure, ya rufe da tabarma, ya tafi da makulli. Ba mugunta ya yi ba. A wurinmu ba a taɓa kayan mamaci sai an zo rabon gado, don akwai haƙƙin marayu a ciki. Ni kuma na shiga takaba. Ranar da Isuhu ya kwanta daga kasuwa ya dawo, batirin saura kaɗan, bai samu ya sa caji ba. A haka keken ya zauna har na fita.

Na biyu. Da aka buɗe shi, na jona cajar yadda nake ganin yana yi. Da can fitilarta ja take kawowa, sai batir ya cika ta koma kore. Yanzu ana sakawa sai kore nan take, keken kuwa ko ƙaho ba ya yi. Muka ce ko kuran ɗin gidanmu, wato wutar lantarki, ne ya yi rauni, aka tura shi wurin mai cajin waya da ke da pano mai ɗaukar wutar rana a bakin tasha. Kore. Aka gwada cajarmu a keken wani mutumin Cadawa, ta yi aiki lafiya lau. Aka gwada tasa a namu, kore. Mai gyaran babur ya duba ko ɓera ya ci waya, bai ga komai ba. Ya goge bakin batirin, ya ɗaure abin da ya saki, daga baya ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Wai batirin ya yi ƙasa har caja ba ta gane shi, sai masu na'urar tada shi.

Na uku. A buronku saurayin da ya karɓe ni ya yi mini ta'aziyya, na gode masa. Sannan ya ce garanti bai ƙare ba, amma ya faɗi, tun da an bar batir babu caji wata da watanni, laifin mai shi ne. Ranka ya daɗe, mai shi yana kabari. Wataƙila kun gaya masa ranar da ya saya, ban musa ba. Amma ni ba a gaya mini ba, yayansa ma bai sani ba. Babur mai mai ko ya shekara a ɗaki, a zuba mai ya tashi. Shi muka sani. Da wani ya ce mana wannan sai ana ba shi wuta ko yana ajiye, wallahi da na roƙi makullin ina cikin takabar.

Na huɗu. Ana jiran a gama girbi a raba gado. 'Yan'uwan Isuhu sun yarda, in keken ya tashi a bar shi cikin rabon yaran, ƙanena ya riƙa tuƙawa, su ci abinci, babbar 'yata ta ci gaba da karatu a lakol. In bai tashi ba, masu sayen tsohon ƙarfe za a kira. Sun ma zo sun leƙa shi.

Ba sadaka nake roƙo ba. Ina roƙon ka aiko wanda ya san aikin ya auna batirin kafin a ɗaure damin ƙarshe. In zai tashi a tada shi, in ba zai tashi ba ku duba garantin nan da idon rahama. Kuma don Allah duk wanda ya saya, ku faɗa masa da Hausa, ku ce ya faɗa wa matarsa.

Na gaji, ranka ya daɗe. Har yau kowace safiya sai na jona cajar, fitilar ta kawo kore, wai ya ƙoshi. Haka ni ma nake ce wa masu zuwa gaisuwa in sun tambaye ni ko na ci abinci.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya albarkaci kasuwancinka, Ya sa ka daɗe a kan iyalinka. Allah Ya jiƙan Isuhu da naku da suka rigaya.

Wassalam.

Rabi, matar marigayi Isuhu mai keke,
Gazawa.