Rasuwar Hajiya Sanatu Napari, Shugabar Ɗakin Masu Korona

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Zumuntar Ma'aikatan Jinya ta Sagnarigu, Tamale, ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, Babbar Jami'ar Jinya, Hajiya Sanatu Napari, wadda Allah Ya yi wa cikawa da safiyar Talata a hanyar Kumbungu, bayan barci ya sace ta a kan babur tana komawa gida daga aiki, ta afka wa wata babbar mota da ke tsaye a gefen titi.

Mma Sanatu, kamar yadda babba da yaro ke kiranta, ita ta karɓi ragamar ɗakin da ake killace masu korona tun ranar da aka buɗe shi, kuma ta ƙaurace wa ɗakinta na aure ta koma kwana a ɗakin ajiyar hatsi, don gudun shafa wa maigidanta cutar, shi da ke fama da ciwon suga. Daga nan barcinta ya lalace, domin ko ta samu ta kwanta, tarin majinyata ne ke yi mata amo a kunne. Goro da baƙin shayi suka zame mata abinci, tuwon da 'yarta ke kawowa kuwa yakan sandare a kwano. Matar da aka sani da raha ta koma shiru-shiru, takan yi faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan ta bi mutum har waje tana ba shi haƙuri. In aka ce ta huta, sai ta ce, "Ku masu goyo ku je ku kwanta, ni tsohuwa me zan yi da barci?"

An sha gwada ta, cutar ba ta taɓa kama ta ba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maigidanta, Alhaji Wumbei Andani, da 'yarsu, Malama Azara, da ɗaukacin dangi. Allah Ya jiƙanta, Ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, Ya ba iyalanta juriyar wannan rashi.

Za a yi addu'ar bakwai ranar Litinin a gidansu. Alhaji Wumbei ya roƙi duk wanda ya kwana a bakin aiki da kada ya hau babur ya taho. Ya ce ya yafe gaisuwar, a je a yi barci.

Sa hannu:
Malam Ziblim Fuseini
Kakakin Ƙungiya