Muryar Mama Tana Nan a Kati

Zuwa ga Mama Tumpale, Tusekile tawa, ruwan saman Tukuyu mai sauka ba sallama, shinkafar Kyela mai ƙamshi tun tana tukunya, inuwar ayabata, hasken idon wannan wawan mijin naki,

Na yanka kaina da hannuna a gaban mutum ɗari uku! Kwana huɗu ke nan kina gidan yayarki a Kiwira, ba ki ɗaukar wayata tun abin da ya faru ranar Alhamis. An ce kin rantse ranar Asabar, wurin ɗaurin aure a coci, ba za ki zauna kusa da mutumin da ya goge muryar uwarki ba. Zumata, ban goge ba! Tana nan!

Abu ɗaya tak kika ba ni amana a bikin sallamar 'yarmu: idan kin shigo ɗauke da tukunya da zanen kanga za ki miƙa wa amarya Tumpale, muryar marigayiya Mama, mahaifiyarki, ta tashi da waƙar rakiyar amarya. Na ce wannan ai wasa ne. Na shirya jerin waƙoƙi a 'yar na'urar kiɗan nan tawa, rabi suna cikin na'urar kanta, rabi a katin memori, muryar Mama a kati. Na gwada, ya yi daidai. Sai ranar Laraba iyayi ya motsa mini. Na ga ɗakin, wato foldar, da na ajiye muryar surukata a katin sunansa Tarkace. Kunya ta kama ni, na sake masa suna Biki. Ladabi fa na yi, tauraruwata, ladabi!

Ashe jerin waƙa ba kwando ba ne da ake zuba waƙoƙi a ciki. Takardar adireshi ce kawai! Ni da na baro makaranta a aji biyar, ina zan sani? Na'ura ta je kati tana neman Tarkace, ta tarar babu ɗaki mai wannan suna, ta tsallake duk mutanen kati ba ko gaisuwa, ta dira kan na gaba a cikinta. Wane ne na gaba? Ni! Jawabin uban amarya da na ɗauka a gonar ayaba, na cusa a jerin don in riƙa haddacewa, na manta ban cire ba. Da a jawabin na tsaya da sauƙi. Amma ashe ɗaukar ba ta tsaya nan ba, duk zauren ya ji ni ina gaya wa awakinmu cewa shanun sadakin da surukai suka kawo, in iska ta taso daga tsaunin Rungwe sai an danne su da dutse.

Wayyo! Na ga uban ango, dattijo Mzee Mwakibete, ya ajiye cokalinsa a hankali. Na ga fasto yana nazarin takalminsa. Ni kuwa yatsana ya rasa maɓallin kashewa, sai ƙara murya nake yi.

Da ƙyar na kashe ta, sannan na gan ki. Kina tsakiyar zaure ke kaɗai, tukunya a kai. Ba ki juya ba, ba ki yar da ita ba. Kika buɗe baki kika rera waƙar da kanki, muryarki tana rawa kamar ganyen shayi a ƙarƙashin yayyafi. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa jin kin yi waƙa ba! A ina kika ɓoye wannan muryar? Wane irin kurma kika aura? Na tsaya da na'ura a hannu, baki buɗe, ina sake faɗawa sonki a daidai lokacin da kike daina sona.

Kin tuna ranar da muka ɗauki waƙar a tsakar gida? Mama ta ce in riƙe abin da kyau, ba za ta yi sau biyu ba. Kika jingina da kafaɗata kina danne dariya. Dariyar nan tana ciki, a ƙarshe-ƙarshe. Jiya na saurare ta sau tara.

Tumpale ce ta warware mini ta waya, tana dariya tana kuka, ta ce ni dai ba na jin magana. Na kwashe waƙoƙin duka na zuba a kati, ɗaki guda, na rushe tsohon jerin na gina sabo daga fari, muryata kuma na kore ta har abada. Na gwada a gaban awakin, tunda su ne abokan laifi. Ga na'urar nan cikin ambulan. Ki danna maɓallin tsakiya kawai, Mama ce farko.

Gobe da safe zan je gidan Mzee Mwakibete in durƙusa, in yabi shanun nan ɗaya bayan ɗaya, har da wadda haƙarƙarinta ke ƙirguwa. Wannan zan iya. Bashin da ya fi ƙarfina shi ne takun nan ashirin da kika yi ke kaɗai a zaure, muryar uwarki ba ta zo ba, mijinki yana zagin shanu. Ban san da me ake biyansa ba. Ki dawo, farin watana, ki zauna kusa da ni ranar Asabar, in fara biya da yin shiru.

Naki har ƙasa ta rufe bakin nan nawa,
Baba Tumpale, Ambokile