Sunan Nadim a Kan Dutse

Ain Tuffaha,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga 'yata abin ƙaunata, Nuhad,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Jubran da yara. Yaya sanyin Montreal? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa. An fara kaɗar zaitun, bana bai yi yawa ba.

Ranar Lahadi aka yi addu'ar cikar shekara ɗaya da nutsewar jirgin ruwan da ƙanenki Nadim ya shiga. Har yau teku ba ta dawo mana da komai ba, ko takalminsa. Da aka tashi daga coci, mutane suka bi ta maƙabarta, kowa ya nufi nasa. Mahaifiyarki ta tsaya a tsakiyar hanya da furanni a hannu tana dube-dube. Daga ƙarshe ta ajiye su a kabarin iyayena.

Muna shiga gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce, "Abu Nadim, shekara arba'in kana sassaƙa sunayen 'ya'yan mutane. Ka sa na ɗana a ƙarƙashin na babanka. Akwai wuri, na auna da hannuna."

Washegari na je wurin Abuna Sam'an, limamin cocinmu. Ya zuba mini gahawa, ya ciro takardar dokokin maƙabarta ya shimfiɗa a gabana. Kin san su: farin dutsen ƙasar nan, tsayinsa kada ya wuce ƙugu, gicciye ɗaya, sunan baftisma, shekarar haihuwa da ta rasuwa, aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki. Ba hoto, ba laƙabi. Ya ɗora yatsa a kan ta bakwai, wadda ta ce ba a rubuta sunan wanda ba ya kwance a wurin.

Ya ce, "Tanyus, ka gane rubutun wa ne wannan?"

Nawa ne, Nuhad. Bayan yaƙi, lokacin da masu dawowa daga Brazil suka shiga gina kaburbura kamar gidajen sama suna danne na talakawa, mu biyar muka zauna muka tsara dokokin. Ni aka ba alƙalami don hannuna ya fi kyau.

Abuna ya ce ba shi da ikon canja ko harafi, sai kwamiti ya zauna. Na ce wa mahaifiyarki ana dubawa. Ki riƙa kiranta, muryar yara tana ɗebe mata kewa.

Ubangiji ya tsare ku.
Mahaifinki,
Tanyus.

Ain Tuffaha,
2 ga Disamba.

'Yata Nuhad,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya tarin ƙaramin naki, ya sauka? Mun ga safa da maganin gwiwa, Allah ya yi miki albarka.

Kwamiti ya zauna, kuma sun ƙi. Shugabansu Milhim, wanda muka yi makaranta a benci ɗaya, ko idona bai iya kallo ba. Ya ce, "Wallahi Tanyus, da don ta ni ce, yau ɗin nan ka ɗauki gudumarka. Amma in muka ba ka, me za mu ce wa Ummu Iliyas?"

Ba lallai ki tuna ta ba, tsohuwar nan mai sayar da cuku a bayan famfon gari. Mijinta Fu'ad ya tafi Beirut da motar tuffa a lokacin yaƙi, 'yan bindiga suka tsayar da shi a shinge, ba a sake ganinsa ba. Shekara ashirin da takwas da suka wuce ta zo ta roƙi a sa sunansa a dutsen danginsu. Ni aka sa in ba ta amsa. Na ba ta a tsaye, a ƙofar shagona, ko kujera ban miƙa mata ba.

Kwana uku bayan zaman kwamitin, sai ga ta a shagon, tana dogara sanda. Na zaci dariya ta zo yi mini, kuma da ta yi, da na sunkuyar da kai. Ta jawo kujera da kanta ta zauna.

Ta ce, "Ka tuna abin da ka ce mini? Wai dutse ba ya ƙarya, ba za ka rubuta mutum yana nan alhali ba ya nan ba."

Na ce na tuna.

"To, ba ta'aziyya na zo yi maka ba, kai dai ba ka cancanta ba. Don matarka Widad na zo. Na ga yadda take yawo tsakanin kaburbura, haka na yi ta yi har ƙafafuna suka gaji. Ɗauko takarda, mai kyan rubutu. Bishop za mu rubuta wa."

Ta yi ta faɗa ina rubutawa. Da muka lissafa waɗanda suka bar garin nan gawarsu ba ta dawo ba, mutum bakwai ne: huɗu na yaƙi, ɗaya ya mutu a wata gona a Afirka, sai Nadim da ɗan gidan Sarkis da suka shiga jirgi tare. Ta dangwala yatsa a ƙasa, na sa hannu. Da za ta tafi na ce ta yafe mini. Ta ce, "Bari mu ga amsar tukuna."

Mahaifiyarki ta ji labarin a bakin maƙwabta. Tana ajiye mini abinci, amma ba ta zama ta ci tare da ni. Ba zan ɓoye miki ba, sau biyu ina zuwa kabarin kakanki da guduma da ƙarfen sassaƙa, ba wanda zai hana ni. Abin da ya dawo da ni shi ne, bayan shekarar haihuwa sai in rubuta ta rasuwa, kuma hannuna ya ƙi.

Ki sa mu a addu'ar Kirsimeti.
Mahaifinki,
Tanyus.

Ain Tuffaha,
20 ga Afrilu.

'Yata Nuhad,

Barkanku da Ista, Almasihu ya tashi. Ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, aiki ne ya riƙe ni.

Ummu Iliyas ta rasu a watan Fabrairu, ciwon haƙarƙari, kwana biyar kawai. Amsar bishop ta iso bayan mako biyu da binne ta. Ya ce dokar kabari tana nan, amma ya yarda a kafa allon dutse a jikin katangar maƙabarta don waɗanda ba su dawo ba, da suna da shekarar haihuwa kaɗai. Na je kabarinta na karanta mata takardar da ƙarfi. Ban san ko ta yafe ba.

Ni na sassaƙa dutsenta, bisa doka, sunanta ita kaɗai. Amma da aka zo zaɓen wurin allon, na nace sai katangar da ke fuskantarta, kuma sunan Fu'ad na fara rubutawa. Shida na gama cikin kwana tara. Na bakwai, na Nadim, ya kai mako biyu ina kewaya shi.

Wata safiya mahaifiyarki ta shigo shagon, ita da ta ƙi jinin ƙurarsa. Ta zauna ta ce, "Fara. A hankali, kada ka yi masa irin na sauri." Muka wuni. Da na gama ta bi haruffan da yatsa, ta tsaya a wurin da babu komai bayan shekarar haihuwa. Ta ce, "Nan fa?" Na ce haka aka ce a bari. Ta ce, "To, a bari."

An kafa allon ranar Asabar kafin Ista. Abuna ya yi addu'a, matar Sarkis ta yi kuka har aka riƙe ta. Mahaifiyarki ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu da ƙyalle, ta yi ɗage, ba ta kai ba. Sai ta juyo kaina a gaban mutane: "Shekara arba'in kana wannan aiki, ba ka san tsayin matarka ba? Yaya zan goge masa ƙura?"

Ranar Litinin na yanka ɗan dutsen takawa na kai na ajiye a gindin katangar. Ina daidaita shi sai ga Milhim. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan yana cikin doka?" Na ce ban sani ba. Ya taka shi, ya ji yana motsi, ya durƙusa da wandonsa na zuwa coci ya cusa tsakuwa a ƙarƙashi.

Yanzu kullum da hantsi tana can. Tana goge duka bakwai ɗin, ta bar nasa sai ƙarshe.

Ki zo da yara bana in kin samu hali. Mahaifiyarki tana gaishe ku.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Tanyus Abu Nadim.