Ƙafar Afiniki

Asibiti, Kafanchan
Nuwamba, 1992

Yaya Zamani,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Yaya haƙuri? Yaya Mama da yara? Allah ya ta'azantar da mu duka.

Saƙonka ya iso, cewa ranar Asabar za a binne Baba, kuma ko a baro ne a turo ni. To Yaya, ba zan zo ba.

Ka san yadda na sha fama da gyambon nan tun da man ƙosai ya zubo mini a ƙwauri. Yanzu likita ya yanko fata a cinyata ya shimfiɗa a kai. Sista Martha, nas ɗin ɗakinmu, ta ce fatar ba ta da jininta tukuna. Wai naman da ke ƙasa yana fitar da wani sinadari, shi ke kiran ƙananan jijiyoyin jini su tsiro su shiga sabuwar fatar, kamar saiwar citta. In na taka ƙasa, ko mota ta jijjiga ni, sai su tsinke, fatar ta mutu. Daga nan kuma zancen yanke ƙafa ne.

Na ji Goggo Paulina tana yawo da ni, wai babbar 'ya mace ce ke riƙe hoton uba a gaban akwatin gawa, ni kuwa na mai da gadon asibiti wurin hutu. Ta faɗa ta ƙara. Lokacin da ƙafar ke wari, ai ita ta fara sauya benci a majami'a. Ina kukan Baba har filo ya jiƙe, amma ƙafar nan ba za ta motsa ba.

Ƙanwarka,
Afiniki

Disamba, 1992

Yaya Zamani,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Shirunka ya gaya mini fushi kake yi.

An kwance bandeji. Gefe ɗaya na fatar ya yi baƙi, an cire shi, sauran kuwa ya kama. Sista ta danna da yatsa, wurin ya yi fari, ta saki, sai ga jini ya dawo. Ban san lokacin da na kira sunan Baba ba.

Ya yi mini zafi da ban raka shi ba, amma ba na neman gafarar kowa. In an sallame ni kada ka turo mashin. A bakin titi zan sauka, in ratsa tsakiyar gari da ƙafafuna biyu har kabarinsa. Mai son kallo ya fito.

Ka gaishe da Mama.

Ƙanwarka,
Afiniki