Gashin Wutsiyar Bijimin Baffa

Assalamu alaikum Baffa,

Ina gaishe ku, da Inna da kowa na rugarmu a Buji. Ni lafiya lau nake a gonar shanun nan ta Saudiyya. Tsayuwar tatsa ce ta kumbura min ƙafa, amma da sauƙi.

Ƙanena Habibullahi ya ce an sake haifar maraƙi da murɗaɗɗun ƙafafu, ya mutu. Allah Ya mayar da alheri.

Baffa, gashin wutsiyar bijiminku kawai na roƙa, don da shi ake gwaji a nan. Akwai cutar gado da ke ɓuya a jikin lafiyayyar dabba, ba ta fitowa a ɗa sai in uwa da uba duk suna ɗauke da ita. Bijimin nan kuwa 'ya'yansa yake barbara.

Sai na ji wai kun ce asiri zan yi wa garken. Ni, da na yi kiwonsu ba ko takalmi?

Kun kori Gwaggo Laraba kan maita, maruƙan ba su daina mutuwa ba. Yau kuma ni ne. In kun gama da mu, Baffa, don Allah ku dubi bijimin.

Ɗanku,
Abdulkahar