Tururuwa ta ce nonon lafiya lau, ni kuwa na san abin da likita ya ce

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku kai ƙarshe. Ban daɗe da koyon rubutu ba a ajin yaƙi da jahilci, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. Maganar ba ta ba wani ya rubuta mani ba ce.

Ni tela ne a Dogon Dutsi, na haura arba'in, asalina wani ƙauye kusa da Lugu. Bara kaluluwa ta fito mani a wuya da hammata, fata ta yi ta ƙuraje, ga gajiya har taka keken ɗinki ya gagare ni. Inna, mahaifiyata, ta ce doguwa ce, aljanar gidanmu, na manta da ita. Ƙanena, ɗan kasuwa mai son wa'azi, ya ce borin Inna ne ya jawo mana. Na bar su suna ja, na tafi Yamai. Bayan dogon jira, don har waje aka aika jinina, likita ya ce kansar jini ce, irin wadda ba kasafai suke gani ba, wata ƙwayar cuta ke kawo ta. Na ce, "Sida?" wato ƙanjamau. Ya ce, "Ba sida ba ce. Galibin masu ciwonka tun suna jarirai suka sha ƙwayar a nono, ta kwanta shekaru. Da yawa ma ba ta taɓa tashi a jikinsu." Sai ya tambaye ni ko matata na shayarwa. Na ce e, muna da jaririya. Ya ce, "Kawo matar a auna ta, miji kan ba matarsa ƙwayar. In tana da ita sai mu san yadda za a yi da shayarwar, don duk daɗewar shan nono haɗarin ƙaruwa yake." Na ce to. Damina ta zo ta wuce, ban kai ta ba, ban faɗa mata ba.

Ta ina zan fara? In na ce ƙwayar cuta mai bin kwanciya, wa zai tsaya jin "ba sida ba ce"? In aka yaye yarinya ba lokaci ba, gari zai ce ciki ne a kan goyo, mun yi rurrutsa, matata ba za ta iya shiga gidan biki ba. Babbar kuwa ita ce Inna. Matar da in za ta sa mani albarka sai ta dafa ƙirji ta ce, "Na yahe maka nonon da ka sha," ita zan kalla in ce a nonon nan na sha ajalina? Kuma ƙanena na nan yana jiran sandar da zai dake ta da ita.

Sai na yi dabarar ragwaye. Da Inna ta zo ganin jikarta, wadda sunanta muka sa mata, na ce, "Inna, yarinyar ga tana yawan kuka, ko nonon ne bai karɓe ta ba?" Nufina ta ce a yaye, ba da bakina ba. Inna ta ce, "Wanga ai abu ne mai sauƙi." Ta sa matata ta tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa ciki, yadda ake gwadawa a wurinmu: in ta mutu nono mugu ne, in ta fita mai kyau ne. Wallahi ina tsaye ina roƙon Allah ya kashe tururuwar nan. Ta yi iyo, ta hau bakin ludayi, ta tafi abinta. Inna ta yi guɗa, ta ce, "Takwara, sha abinki sai kin shekara biyu! Nonon gidanmu bai taɓa cutar kowa ba, ga ubanki nan shaida." Matata ta yi dariya ta ce, "Ɗan makarantar lakwal mai furfura, ka koyi baƙi uku za ka zama likita?" Ni ma na yi dariya. Wannan dariyar ce ke cin raina fiye da ciwon.

Yanzu ƙofar da na so buɗewa ni na rufe ta da hannuna. Kullum da safe matata na zaune kusa da kekena tana ba yarinya nono, tana yi mani sannu, ta ɗauka ciwon jini ne kawai. Mai yiwuwa ba ta ɗauke da komai, na sani, amma wa ya auna? Tururuwa? Ni haƙuri na iya, da shi aka san ni, sai dai wannan haƙurin a jikin 'yata nake yin sa. Lokacin komawa Yamai ya matso, kuma likita zai ce ina matar.

In na yi magana na karya tsohuwar, in na yi shiru ƙila ƙaramar ta zauna gaban likita wata rana yadda na zauna, ba na nan balle in roƙi gafararta. Sunansu ɗaya, duka Inna nake ce musu. Jama'a, don Allah, me zan yi?